Mai Kiran Ranar Alhamis

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har da sunayen wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya. Amma lokacin da na juya wayar shagon mahaifina zuwa wayar aljihuna, da abin da ya biyo baya, wannan kam yana nan daram a zuciyata, kuma na san ba zai fita ba sai ranar da rai ya fita.

A Zangon Kwatano aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakanninmu ne suka zo da fatauci, wurin ya karɓe su, suka zauna. Baba harkar manyan motoci yake yi, masu ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa, Paraku, Malanbil, har cikin Nijar. Yana da ɗan shago a hanyar Jonke. Ba komai a ciki sai tebur, benci biyu, buta da dardumar salla, sai kuma wata baƙar wayar girke mai nauyi, irin wadda ake sa yatsa a juya. Mu fikis muke ce mata. Lambar wayar nan ta fi Baba suna. Direbobi sun haddace ta, 'yan kasuwar Maraɗi sun rubuta ta a bangon shagunansu, kuma rabin layinmu da ita suke ba dangi. Sau da yawa za ka ji an ɗaga murya daga ƙofar shago ana cewa a kira wance, ɗanta na kan layi daga Jugu.

A lokacin ƙasa ta yi wasu shekaru da komawa kan zaɓe. Baki ya buɗe, gidajen rediyo sun yi yawa, kowane ɗan zem, wato masu kabu-kabun nan masu rawayar riga, yana da ra'ayinsa a kan gwamnati, kuma zai faɗa maka ko ba ka tambaye shi ba. A wannan zamanin ne wayar salula ta shigo gari, muka ce mata portabul. Ni ina aikin taranzit, ina fitar wa mutane kaya daga tashar jirgi, aikin ya tilasta mini na sayi ɗaya. Katuwa ce, da ɗan ƙahonta a sama, idan na sa ta a aljihu sai rigar ta karkace. Baba ya juya ta a hannu sau biyu ya mayar mini, ya ce wayar da ba ta da gida ba ta da mutunci.

Wata safiya yana alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Bayan kwana goma a asibiti aka dawo da shi gida. Yana ji, yana gane kowa, amma idan ya buɗe baki sai dai wani sauti ya fito wanda Inna kaɗai take iya fassarawa, ita ma ba kullum ba.

Shago ya zauna a rufe, don ni ba na samun zuwa sai da yamma. Maƙwabta suka riƙa gaya mini cewa wayar tana ta ƙara a ciki kamar yaron da aka kulle a ɗaki. Motar wani direbanmu ta lalace a hanyar Kandi, ya yi kwana biyu yana kira ba wanda ya ɗauka. Ƙannena suka ce a je a kashe layin kawai, a ba kowa lambata. Amma ta yaya za ka ba mutanen da ba ka san adadinsu ba sabuwar lamba? Baba bai taɓa rubuta sunan kowa a littafi ba, komai a kansa yake.

Wani abokin aikina ne ya ba ni shawara. Ya ce akwai abin da ake ce wa ranbuwa, wato juya kira. Mutum zai buga lambar shago, amma wayar aljihuna ce za ta yi ƙara. Na ce masa ya daina wasa. Ya ce in je ofishin waya in tambaya. Na je, na cika takarda, wata ma'aikaciya ta rubuta mini abin da zan danna: tauraro, wasu lambobi biyu, lambar portabul ɗina, sannan alamar nan mai kama da gidan dara. Da na koma shago sai na tarar wayar Baba ba ta da tauraro ba ta da gidan dara, zobe ne kawai mai ramuka goma. Sai da na aro mai maɓalli a shagon wani mai sayar da taya, na cire ta Baba, na jona ta aro, na danna abin da aka ce, na ji wani ɗan sauti, sannan na mayar da tsohuwar wurinta.

Ni mutum ne mai son sanin yadda abu yake aiki, tun ina yaro na sha duka a kan kwance rediyo. Na tsallaka titi zuwa kabin, wato ɗan ɗakin nan da ake biya a yi waya, na buga lambar shagonmu ina kallon ƙofarsa a buɗe. Wayar tebur ba ta ce uffan ba. Aljihuna ya ɗauki ruri. Na tsaya da kan waya a kunne ɗaya, portabul a ɗaya kunnen, na ce salamu alaikum, na ji muryata ta zaga gari ta dawo mini. Sau uku na yi haka, har mai kabin ta tambaye ni ko lafiya.

Labarin ya bazu a Zango. Dattawan da ke zama a ƙofar masallaci suka riƙa tare ni suna tambaya. Wanda ya fi kowa damuwa da abin shi ne Baba Babba, yayan mahaifina, babban gidanmu, tsoho mai shekara tamanin da 'yan kai, wanda ko tari ya yi a zaure sai mata su gyara lulluɓi. Ya ce, "To, idan kana bakin teku, wa yake gaya wa wayar cewa can kake?" Na yi masa bayanin da na iya, wanda ni ma ban gama fahimta ba. Ya girgiza kai ya ce sai ya gani da idonsa. Amma duk lokacin da muke tare, kamar da gangan, ba wanda yake kira.

A makon farko na sha mamaki. Ashe Baba ba harkar mota kaɗai yake yi a tebur ɗin nan ba. Wani ya kira yana neman a raba shi da surukinsa faɗa, wata ta kira tana tambayar ko an ga wata a Kwatano, wani kuma ya ce shi dai ya saba gaishe da Alhaji ne duk farkon wata. Na fara gane cewa ba lamba na juyo ba, rayuwar mutum guda na juyo cikin aljihuna.

Ranar Alhamis, bayan azahar, ina tsaye tsakanin kwantenoni ina jiran a sa mini hannu a takarda, wayar ta yi ƙara. Na ɗauka na yi sallama. Mutane sun sha gaya mini cewa muryata a waya da ta Baba ba a bambanta su.

Muryar tsohuwa ce, a hankali take magana, Hausarta tsantsa irin ta Zangon da, amma da wani ɗan lanƙwasa a ƙarshen kalma irin na mutanen bakin ruwa. Ta ce, "Auta, ina ka shiga? Alhamis huɗu ke nan ina kira. Har na daina cin abinci."

Na ɗauka kuskuren lamba ne. Na ce, "Mama, wa kike nema?"

Ina jin numfashinta, a bayanta kuma ina jin hayaniyar mata da wani yare. Can ta ce, "Kai ba shi ba ne."

Na ce, "Wannan wayar shagon Alhaji ce. Ni ɗansa ne."

Ta ajiye.

Na daɗe a tsaye da wayar a hannu. Mahaifina ya haura saba'in, yana da jikoki, furfura ta gama cinye gemunsa. Duk Zango Alhaji ake ce masa. Wace ce wannan da take kiransa Auta kai tsaye, kamar tana kiran yaron da ta goya? Gaskiya ne shi ne ƙarami a ɗakinsu, amma abin da na sani su biyu suka rage, shi da Baba Babba. An taɓa cewa akwai mace a tsakaninsu, amma tun muna yara ake ce mana ba ta nan, mu kuwa muka fassara "ba ta nan" da abin da kowa zai fassara.

Sai na tuna wani abu. Duk ranar Alhamis bayan azahar, Baba yakan kori kowa daga shago. Ya ce wa direbobi su je su ci abinci, ni kuma idan ina nan ya aike ni inda ba shi da buƙata. Mun ɗauka barcin rana yake so.

Da yamma na tambayi Inna, ina yi kamar zance ne ya kawo zance. Na ce, "Inna, wai akwai mai ce wa Baba Auta?" Tana tankaɗe a lokacin. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ta ce, "Ina ka ji wannan?" Na ce a waya. Ta ce, "Mutane ba abin da ba sa faɗa a waya." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba, amma na san na taɓa wani wuri.

Mako guda abin yana cina. Ba zan ɓoye ba, har mummunan zato na yi wa mahaifina, Allah ya yafe mini. Alhamis ta zagayo, tun sha biyu nake duba wayar. Bayan azahar ta yi ƙara. Na yi sallama, aka yi shiru. Na ce, "Mama, ni ne dai, ɗansa. Kada ki ajiye."

Ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Yana da rai?"

Na ce, "Yana da rai. Jikinsa ne ya shanye, ba ya iya magana."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta sake faɗa. Sannan layin ya yanke.

Ga inda sabuwar waya ta bambanta da tsohuwa. Baƙar wayar Baba ba ta da fuska, duk wanda ya kira ya ajiye, ya tafi ke nan, ba sawu. Portabul kuwa tana da ɗan gilashi, kuma lambar da aka kira da ita tana nan a rubuce. Shekara da shekaru tsohuwar waya ta rufa wa mutum biyu asiri, tawa ta tona shi cikin mako biyu ba tare da ta san ta yi ba. Na kalli lambar, na ce wa kaina wannan ba hurumina ba ne. Ban kai ga gama faɗa ba yatsana ya danna.

Wata mata ta ɗauka da Faransanci. Ta ce nan kabin ne, a Plakoji. Na tambaye ta tsohuwar da ta gama waya yanzu. Ta ce, "Maman Hausa? Ta fita. Kullum Alhamis take zuwa."

Plakoji unguwar masunta ce a bakin teku, kusa da tashar jirgin da nake aiki. Daga inda nake tsaye, da na hau kan kwantena zan iya hango rufin gidajensu. Na bar takarduna a hannun abokina, na tare zem.

Ban taɓa shiga unguwar ba duk da a garin aka haife ni. Yashi ne har idon sawu, jiragen kamun kifi a jere, taruna a shanye, hayaƙi ko'ina. Mai kabin ta nuna mini wani lungu da baki. Na bi, na iske wata rumfa, da manyan tukwanen banda guda uku, da wata tsohuwa a sunkuye tana juya kifi a kan ragar ƙarfe. Ta yafa mayafi irin na matan Zango, ita kaɗai a duk layin. Na yi sallama. Ta ɗago.

Ban buƙaci a gaya mini komai ba. Fuskar Baba ce, kamar an tsaga kara. Goshin, hancin, har yadda take ɗan runtse ido ɗaya idan tana kallon mutum.

Ta dube ni tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Ba kowa."

"To me ya kawo ka?"

Sai na faɗi gaskiya. Na ce, "So nake in sani."

Ta yi ɗan murmushi, ta ce, "Shi ma haka yake tun yana yaro. Zauna, hayaƙi ba ya kisa." Ta turo mini kujerar tsugunno da ƙafa. Sai da ta gama juya kifin gaba ɗaya sannan ta zauna. Ta tambaye ni yadda aka yi wayar shago ta shiga hannuna, da yadda na gano inda take. Na nuna mata gilashin da lambar kabin a jiki. Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta ce, "Ashe ita wannan 'yar gulma ce."

A nan na ji labarin. Ita ce yayar mahaifina, ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu. Ta yi aure na fari a Zango, mijin ya mutu, ta dawo gida tana sarin kifi a bakin ruwa tana kaiwa kasuwa. A nan ta haɗu da wani masunci. Mutumin ya musulunta, ya aiko neman aurenta, kakanmu ya ce musuluncin neman mata ne, bai yarda ba. Ita kuwa ta ce ba yarinya ba ce, ta je wani malami ya ɗaura. Kakanmu ya ce kada ta ƙara taka gidansa. Da ya rasu, Baba Babba ya tsaya a gaban jama'a ya rantse cewa maganar uba tana nan, ko gaisuwar mutuwa ba a bar ta ta shiga ba. Mijin nata ya yi shekara talatin yana salla a sahun gaba kafin ya rasu, ta ce, amma ba wanda ya zo ya gani.

Na ce, "Baba fa?"

Ta ce, "Auta ba ya iya musu da yayansa, ba ya kuma iya rabuwa da ni. Shekarar da aka sa masa waya, ya zo nan ya tsaya daga can bakin lungu, ya ba ni lambar a 'yar takarda. Ya ce Yaya ya rantse a kan ƙafarki, bai rantse a kan muryarki ba."

Tun daga lokacin, duk Alhamis take kiransa. Minti biyar, wani lokaci goma. Ta nan ta san an haife mu ɗaya bayan ɗaya, ta san sunayenmu, ta san wanda ya yi ƙyanda, ta san na faɗi jarrabawa sau ɗaya. Tana ba ni labarin kaina kamar a gabanta na girma, ni kuwa ban san da ita a duniya ba sai ranar.

Na ce, "Gwaggo, ki zo mu je ki gan shi." Wannan ne karo na farko da na kira ta haka, na ga ta kawar da kai tana gyara itacen da bai buƙaci gyara ba.

Ta ce, "A'a. Mutum yana kwance, ba zan kai masa tashin hankali ba. Kuma kai ma ka kama bakinka. Ka zo don ka sani, to ka sani."

Na koma gida. Na shiga ɗakin Baba na zauna kusa da shi. Ban san ko zai ji haushi ba, amma na sunkuya na ce masa a kunne, "Baba, na je Plakoji. Tana gaishe ka." Idonsa ya buɗe sosai. Ya kama hannuna da hagunsa ya matse, ya daɗe bai saki ba. Daga baya na fahimci abin da ya sa duk ranar Alhamis jikinsa yake tashi, ya ƙi abinci, ya yi ta nuna ƙofa, mu kuma muna cewa ciwon ne.

Sai na yi dabara. Alhamis mai zuwa na bar aiki da wuri, na zauna a ɗakinsa na tura ƙofa. Gwaggo ta buga lambar shago kamar yadda ta saba, kiran ya zo ɗakin Baba, na kara masa a kunne. Ita take magana, shi yana ta ƙoƙari, sauti yana fita ba kalma. Ina jin muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Kada ka wahalar da kanka, Auta, ni zan yi maganar, kai ka ji." Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari. Muka yi haka mako uku, ina jin kaina kamar wani gwani.

Baba Babba kullum bayan la'asar yake zuwa duba ƙaninsa, shi ya sa hankalina yake kwance. Amma lokacin yaƙin neman zaɓe ne, kuma a Alhamis ta huɗu wata jam'iyya za ta yi gangami a babban titi. Tsohon ya ji za a tare hanya, sai ya taho tun bayan azahar. Ina zaune da waya a cinya na ji sandarsa a tsakar gida. Ya shigo, na ba shi wuri a bakin gado. Ina lissafin yadda zan sulale waje, wayar ta ɗauki ƙara.

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Yauwa. Ta shagon ce aka kira?"

Na duba gilashin, na ga lambar kabin. Na ce, "Eh, Baba, amma ba wani abu ba ne, bari in fita in amsa."

Ya miƙo hannu. "Kawo. Yau dai zan ga abin nan da kunnena. Ina ake dannawa?"

Ba a hana Baba Babba abu a gidanmu. Na dubi mahaifina, na ga idonsa a kaina, ban iya karanta abin da ke ciki ba. Na danna, na miƙa. Tsohon ya riƙe ta nesa da kunne kaɗan, ya yi sallama da ƙarfi kamar mai kiran wani a gona.

Na yi zaton za ta ajiye, kamar yadda ta yi mini. Ba ta ajiye ba. Na ji siririyar muryarta ta amsa sallamar, sannan ta ce, "Yaya, ni ce."

Bai tambayi ko wace ce ba. Shekara arba'in da wani abu bai ji muryar ba, amma bai tambaya ba. Ya zauna kamar an dasa shi. Na ga hannunsa ya fara saukowa da wayar. A lokacin ne mahaifina ya miƙa hagunsa ya damƙi hannun rigar yayansa. Ya buɗe baki, ya yi ta fama, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Wata biyu ba mu ji kalma daga bakinsa ba. Abin da ya fito a karkace yake, amma duk mun gane shi. Cewa ya yi, "Yaya."

Har yau ban san wanne daga cikinsu yake nufi ba, na hannun rigar ko ta cikin wayar, don duk biyun haka yake kiransu.

Baba Babba ya dubi ƙaninsa ya daɗe. Sannan ya mayar da wayar kunne, ya gyara murya. Ya ce, "Daga ina kike magana?" Ta faɗa masa. Ya ce, "Nan da Plakoji? Yaron da kika goya yana kwance wata biyu, kina tambayarsa ta waya? Zumunta a ƙafa take. Ko ba ki da ƙafa ne?"

Na ji ta ce, "Kai ka ɗaure ta, Yaya."

Ya ce, "To na kwance. Kaffara kuma tawa ce, ba ruwanki." Ya miƙo mini wayar ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Karɓi abarka. Ta yi zafi." Ya ɗauki sandarsa ya fita zaure, ya zauna shi kaɗai har aka kira la'asar.

Da na fito, na iske Inna a bakin ƙofa, ashe duk tana ji. Na fara neman yadda zan yi mata bayani, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Ni za ka gaya wa? Shekara nawa mahaifinku yana shigo mini da bandar kifi ranar Juma'a, wai wani abokin ciniki ne ya ba shi. Wane abokin ciniki ne ya san yana son citta a kifi? Ya ɗauka ban sani ba, ni kuma na bar shi a haka." Ta juya tana ba ƙannena umarni a share ɗakin baƙi.

Washegari da hantsi na je na ɗauko Gwaggo. Ta ƙi hawa zem, ta ce ba za ta koma gidan ubanta a bayan babur ba, muka ɗauki tasi. A ƙofar gida ta tsaya ta taɓa bangon zauren, ta ce an rage masa tsawo. Baba Babba yana zaune a ciki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa, ya tambaye ta hanya, kamar wadda ta dawo daga Paraku jiya. Ba wanda ya yi kuka a zauren. Sai da ta shiga ɗakin Baba aka tura ƙofa, mu kuma muka ba su wuri. Ranar Asabar tsohon ya sa aka dafa abinci aka ciyar da miskinai goma, bai gaya wa kowa dalili ba, ba kuma wanda bai sani ba.

Mahaifina ya ƙara wata bakwai a duniya. Maganarsa ba ta dawo ba sai 'yan kalmomi, amma Gwaggo ce take ba shi kunu da safe, kuma tana riƙe da kansa lokacin da ya cika. 'Ya'yanta huɗu, waɗanda ban taɓa sanin ina da su ba, suna cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Na sha tunanin yadda abin ya rataya a kan siririn zare. Da na bi shawarar ƙannena aka kashe layin, da Gwaggo ta yi ta bugawa har ta gaji, ta yi zaman makokin ƙaninta ita kaɗai a bakin teku alhali yana raye, shi kuma ya mutu yana nuna ƙofa ba wanda ya gane. Ba wayona ne ya gyara ba, don son sanin nan nawa da ya iya ɓata komai, Allah ne ya sa ya faɗa kan alheri. Abin da na koya shi ne, ba ka san adadin mutanen da suke rataye a jikin mutum ba sai ka tsaya a wurinsa ka amsa kiransa, kuma wanda ya fi buƙatarsa sau da yawa shi ne wanda sunansa ba ya cikin kowane littafi. Shi ya sa har gobe, idan wani ya kwanta ciwo ko ya rasu a danginmu, kafin a yi maganar komai nakan ce kada a kashe lambarsa. A juya ta zuwa wayar wani mai haƙuri, a bar ta a buɗe, kuma duk wanda ya kira ya yi shiru, kada a yi saurin ajiyewa.